Taken makaranta da na ƙungiya: me ya sa yawancin waɗanda ake yi mana a Legas ba sa kama baki?

Duk shekara in watan Yuli ya kama, lokacin yaye ɗalibai da rabon kyaututtuka, ko gab da azumi da islamiyyu ke jera walimar sauka, sai ka ga kasuwar masu situdiyo ta buɗe a Agege da Idi-Araba da wajajen Mile 12. Kowace makaranta na son take, kowace ƙungiya ma haka, 'yan gwari, masu harkar dabbobi, 'yan canji, direbobin manyan motoci da ke kwana a Apapa, ɗaliban Arewa da ke manyan makarantu, har kulob ɗin ƙwallo na unguwa. Ni ban ga laifin abin ba. Inda gizo ke saƙar shi ne yawancinsu ranar bikin kawai ake jin su, a sa a sifika, a ɗora a sitatus kwana biyu, shikenan an binne. Ka koma bayan wata shida ka ce wani mamba ya rera maka ko baiti ɗaya sai ya fara sosa ƙeya.

Abin da na lura da shi, mutane na zuwa sayen take amma waƙar yabo ake ba su, su kuma su karɓa suna murna. Alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. Waƙa mawaƙi ke yin ta, mu namu sauraro, in ta yi daɗi a yi liƙi. Take kuwa jama'a ne ke yin sa da bakinsu, a tsaye, a tare, galibi ba kiɗa ba makirfo, kuma haka za su yi ta maimaita shi kullum safiya shekara da shekaru. Yaron aji ɗaya zai rera, hedimasta mai furfura zai rera, malamar da mura ta shaƙe wa murya ita ma za ta rera. To shi mai situdiyo da ya saba da waƙar biki da ta siyasa in ba a zaunar da shi an yi masa bayani ba ai abin da ya iya zai yi maka, minti bakwai cur, doguwar shimfiɗa, jinjina ga mai makaranta da uwargidansa da ciyaman na kwamitin iyaye, ga murya an tace ta a kwamfuta ta hau can sama inda ba maƙogwaron da zai kai.

Na taɓa tsayawa a asembili ɗin wata makaranta a Agege da safe, yara sun yi layi-layi a tsakar gida kan siminti, mata da farin hijabi maza da hula, an gama addu'a aka ce a yi taken makaranta, sai wuta ta ɗauke kuma janareta ya ƙi tashi. Wani malami ya ɗaga wayarsa sama ya kunna waƙar, 'yan layin gaba kaɗai ke ji. Yaran suka yi ta guna-guni a baitocin kamar masu cin tuwo da zafi, amma da aka zo amshi, wanda layi biyu ne kawai kuma sunan makarantar na ciki, sai tsakar gidan ta ɗauka gaba ɗaya har masu sayar da burodi a waje suna leƙowa. Wato cikin waƙar minti shida layi biyun nan ne kaɗai taken, sauran duk kuɗi ne aka zubar.

Kuma fa mu ba baƙin wannan harka ba ne. A fadojin ƙasar Hausa kowane sarki da takensa, ana busa shi da kakaki ko algaita ko a kaɗa shi a tambari, mafarauta da 'yan dambe da mahauta duk suna da nasu. Gajere ne ƙwarai, kuma ko ba a ambaci suna ba mai ji ya san wa ake nufi. Yarbawan da muke zaune da su ma suna da oriki, kirarin gida da na zuri'a da na gari, jariri ma da shi ake lallashinsa. Saboda haka gajarta da nuna takamaiman mai abu tun can mun gada, kawai dai in aka zo taken makaranta sai mu mance mu koma kwaikwayon faifan kamfen.

Kar kuma wani ya ɗauka abin wasa ne, ƙasa guda ma, wato Najeriya, ta sha fama da shi, kuma a garin nan aka fara. Taken ƙasa da aka rera ranar 1 ga Oktoba 1960 a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Balewa, wata Baturiya ce Lillian Jean Williams ta rubuta baitocinsa, wata Baturiyar kuma ta sa masa kari. Tun a lokacin ake ƙorafi, ya za a yi ƙasar da ta samu 'yanci baƙi ne za su gaya mata ko ita wace ce. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo, tana zaune a barikin Dodan nan kusa da Obalende, ta sauya shi, aka yi gasa aka tsinci baitoci daga rubutun 'yan Najeriya biyar aka haɗa, Benedict Odiase na bandin 'yan sanda ya sa kiɗa. Shekara 46 ana rera wannan, sai a watan Mayun 2024 majalisa ta zartar da doka cikin kwanakin da ba su fi mako ba, Tinubu ya sa hannu ranar 29 ga wata, aka koma na 1960. Kowa ya ga abin da ya biyo baya, malamai riƙe da waya suna koyon abin da za su koya wa yara, manya a taro suna motsa leɓe kawai. Ni ba maganar wanne ya fi nake yi ba, abin lura shi ne take ba a canza shi kamar allon sanarwa, yana zaune ne a bakin mutane kuma cire shi daga can sai an ɗau shekaru. Makwabtanmu Nijar su ma a watan Yunin 2023 suka ajiye nasu na 1961 wanda Bafaranshe ya rubuta, saboda akwai wurin da mutane ke ji kamar godiya ake wa Faransa da ta ba su 'yanci.

Tambaya ta farko da ya kamata kwamiti ya zauna a kanta tun kafin a kira mawaƙi ita ce, in aka ce "mu" a cikin taken nan su wa ake nufi? A Kano ko Katsina wannan ba wata tambaya ba ce, amma a nan Legas babba ce. Nan duk wanda ya sauko daga sama da Kwara sunansa Bahaushe, ko aboki in an so raini, alhali in ka shiga mitin ɗin ƙungiyar 'yan Arewa za ka tarar da Babarbare da Bafulatani da Banufe da Bazabarme daga Dosso da Kirista daga kudancin Kaduna ko Filato ko Adamawa, Hausa ce kawai ta haɗa su. Kana rubuta "mu Hausawa jikokin Bayajida" ka kori rabin masu biyan kuɗin wata. A islamiyya ba matsala a buɗe da salati a rufe da salati, gidansa ne, amma ƙungiyar kasuwa da ke da Musulmi da Kirista in an ce Allah ko Ubangiji kowa zai iya buɗe baki, ana wuce nan wasu za su yi shiru, kuma shirun nan kullum za a riƙa jin sa. Haka makarantar da rabin ɗalibanta mata ne amma taken daga farko har ƙarshe "samari" da "mazaje" yake kira. Kanada sai da ta yi doka a 2018 don gyara kalmomi biyu kacal a takenta saboda irin wannan, a daina cewa 'ya'ya maza a ce dukkanmu.

Sai maganar sunaye, wadda ita ce ke haddasa rigima a mitin. Kowa na so a ji shi. Alhajin da ya ba da fili, wanda ya sayi kwanon rufi, ciyaman mai ci, uban ƙungiya, wani ma da ya yi alƙawarin bas bai kawo ba tukuna. Na san wata ƙungiya a nan da aka jera shugabanninta a take, ba a yi shekara biyu ba aka yi zaɓe aka kayar da su, sababbin suka ce wallahi ba za su tsaya suna rera sunan waɗanda suka kayar ba, taken ya mutu a nan. Wannan ba a kanmu aka fara ba. Taken Tarayyar Sobiyat na 1944 akwai sunan shugabansu Stalin a ciki, bayan ya mutu aka juya masa baya sai ƙasar ta koma kaɗa taken ba baitoci tun daga 1956 har 1977 da aka cire sunan. Ƙasa mai makaman nukiliya ta yi shekara ashirin tana tsayuwa shiru saboda sunan mutum ɗaya. In ana so a karrama masu taimako, a yi musu waƙarsu daban ta ranar biki, a ba su lambar yabo, a sa sunansu a jikin aji. Ko wanda ya kafa makarantar ni a ganina gara a ce "waɗanda suka kafa" kawai, sai fa in sunansa ne sunan makarantar.

Amma babbar cutar da ta fi yawa ba sunaye ba ce, ita ce maganar da ta dace da kowa. Ilimi haske ne, tarbiyya ginshiƙi, gaskiya da riƙon amana, haɗin kai da ci gaba, mu ne manyan gobe. Duk gaskiya ne, kuma duk ba su ce komai ba. Ga gwaji mai sauƙi, ka cire sunan makarantarku daga taken ka sa na makarantar da ke bayan layinku, in komai ya zauna daidai to ba takenku ba ne, na kowa ne. Kwamiti kan ɗauko kalmomin da ke jikin bajo ko bangon ofis ya miƙa wa mawaƙi ya ce a tabbata duk sun shiga, shi kuma ya jera su kamar lissafi. Yaro ba ya riƙe irin wannan. Abin da yake riƙewa shi ne abin da zai iya gani. Makarantar da ke Agege tana da abin faɗa wanda ta Zariya ba ta da shi, kakannin yaran nan fataucin goro da layin dogo ne suka kawo su suka kafa Zango, iyayensu na fita tun asuba su yi ta fama da cunkoso don a biya kuɗin makaranta, su kuma yaran suna haɗa allo da boko a garin da ba harshensu ake yi a titi ba. Ko ɗango ɗaya aka samu mai cewa daga Zango har bakin teku, allo a dama littafi a hagu, ya fi a jera kyawawan halaye goma, don riƙon addini da neman boko da zama a kurmi duk sun fito ba tare da an kira sunansu ba. Ƙungiyar 'yan gwari kuma me zai hana ta ambaci motar da ke kwana a hanya da kwandon tumatir da sauke kaya kafin gari ya waye? Amana a wurinsu ai ita ce kayan wani da aka turo daga Kano ko Jos a sayar a mayar masa da kuɗinsa cif, to a faɗi hakan.

Harshe kuma fa? Nan ne ake daɗewa ana musu. Yaranmu da aka haifa a nan da yawa Yarbanci da broka sun fi zama a bakinsu, Hausar ta gida ce, wasu ma ji kawai suke ba sa mayarwa. Tun 2018 akwai dokar jihar Legas da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, Turanci kuma shi ne na jarrabawa, Larabci na islamiyya. Sai mai makaranta ya ce a yi da Turanci don a ga an waye kuma iyaye Yarbawa su kawo yara, malamin addini ya ce Larabci, dattawa su ce in ba Hausa ba ba su yarda ba. Haɗawa na yiwuwa, Afirka ta Kudu tun 1997 takenta harsuna biyar ne a jere, amma ka lura kowane harshe an ba shi yankinsa ne, ba a cakuɗa su cikin layi ɗaya ba. Ra'ayina, kuma na san wasu ba za su yarda ba, amshi ya zama da Hausa. Shi ne wurin da ake ɗaga murya, shi ne kuma zai rage a kan yaro bayan ya manta komai, kuma ga yaron da aka haifa a Idi-Araba wata ƙila wannan ce kaɗai Hausar da zai riƙa furtawa da ƙarfi a bainar jama'a kullum. Baiti ɗaya na Turanci ko na Larabci ba zai ɓata komai ba. Sifaniya dai har yau takenta ba shi da baitoci a hukumance, an sha gwada sa masa ba a daidaita ba, to kar musun harshe ya kai ku can.

In an zaɓi Hausa kuma sai a nemo wanda ya san awon waƙar Hausa, ba duk mai murya ba. Hausa na da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, wasali dogo da gajere, shi ya sa tun zamanin masu jihadi marubuta suka iya ɗora ta a kan ma'aunan Larabci ta zauna daram, ga amsa-amo a ƙarshen baiti, ƙwar biyu ko ƙwar huɗu ko ƙwar biyar. Matsala na zuwa ne in an fara yin kiɗa a fiyano sannan aka zo ana cusa kalmomi da ƙarfi, ko aka rubuta da Turanci aka ba wani ya fassara. Sai karin ya ja gaɓar da bai kamata a ja ba. Ka ce "garinmu" kana nufin birni, kari ya ja "ga" ɗin, ya koma garin da ake jiƙawa da suga da ƙuli, kuma ka san yaran Legas, rana ɗaya za su gano su mayar da shi abin dariya har abada. Hanyar da ta fi ita ce a fara rubuta baitocin, a karanta su da baki a ji inda suke hawa da sauka da kansu, sannan kari ya bi su. Waɗannan manhajojin da ake ba su rubutu su fito da waƙa ma da mutane suka fara amfani da su, a nan suke faɗuwa, ƙ da ɗ da ɓ duk sai su baje su.

Tsayi kar ya wuce minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a wasannin FIFA ma daƙiƙa 90 ake ba kowace ƙasa. Baiti biyu da amshi sun isa. Taken Girka asalinsa baiti 158 ne amma biyun farko kawai ake rerawa, mu ma nan baitin farko ne ake yi a yawancin taruka. Sannan kar karin ya yi nisa tsakanin ƙasa da sama, na Amurka ya yi ƙaurin suna a kan haka, ƙwararrun mawaƙa ma na shaƙewa a tsakiyarsa. A fara shi a inda namiji babba da yarinya ƙarama za su iya ɗauka tare. Masu wa'azi da waƙe a islamiyyun matan aure, da matan zumunta na coci-cocin da ake sujada da Hausa a nan Legas, duk sun fi yawancin 'yan situdiyo sanin wannan sirrin, don su kullum da taron mutane suke rerawa ba da na'ura ba.

Batun kiɗa ba sai an ja shi ba. A makaranta ɗaya akwai uban da ba ya son jin ko mandiri, akwai wanda bai damu ba. In an gina taken yadda zai tsaya da murya zalla an huta, mai son bandi ya ɗora daga baya ranar fareti. Aron kari kuma a yi hattara. Ba haramun ba ne a al'adar take, Tanzaniya da Zambiya da Afirka ta Kudu duk kari ɗaya suka gada daga waƙar da Enoch Sontonga ya yi a 1897, amma in ka ɗauko na fim ɗin Indiya ko na waƙar soyayya da ake yayi ko na wata jam'iyya, duk lokacin da aka tashi rerawa can hankalin mutane zai tafi.

Wajen aikin kansa, kwamiti ya tattara abin da ake so a faɗa, ya ji ta bakin tsofaffin ɗalibai da malamai da iyaye mata, amma alƙalami a bar wa mutum ɗaya. Mutum goma ba sa rubuta baiti. In ya kawo kar a saurara a ofis a waya a ce ya yi, a ba aji uku na firamare, malami ya rera musu sau 'yan kaɗan ba takarda, a dawo bayan mako a ce su yi. Inda suka yi tuntuɓe nan ne za a gyara, inda suka canza kalma da kansu sau da yawa tasu ta fi daidai da baki.

Sai abin da kusan kowa ke mantawa, takarda. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, wanda ya ƙirƙiri abu shi ne mai shi tun farko sai in an yi yarjejeniya akasin haka, kuma miƙa haƙƙin sai a rubuce yake inganta. Ma'ana don kun tura wa mawaƙi kuɗi ya turo muku waƙa a WhatsApp ba shi ke nuna ta zama taku ba, gobe yana iya sauya suna ya sayar wa makarantar gaba da kari ɗaya, ko ku ɓata ya ce a daina rerawa. A rubuta cewa baitoci da kari sun zama na makaranta ko ƙungiya, shi kuma a riƙa ambaton sunansa a matsayin wanda ya yi, shaidu su sa hannu. A karɓi baitocin a rubuce da ƙugiyoyinsu daidai, a karɓi karin a rubuce da do-re-mi don mai bandi, a karɓi sautin murya zalla da kuma mai kiɗa, sakatare ya adana a fayil ɗin ofis ba a wayarsa kaɗai ba, don waya a cunkoson Oshodi ba ta da tabbas. Ƙungiyar da ke da kundin tsarin mulki kuma ta sa taken a ciki, tare da adadin mambobin da sai sun amince kafin a taɓa ko kalma ɗaya.